Keken Ɗinkin da Ya Rasa Mai Shi

Ku 'yan matan yanzu da ke ɗaukar hoton atamfa a waya ku tura wa ƙawaye, ku ce wai kuna dillanci, ku matso ku ji. Abin da kuke yi talla ne, dillanci daban yake. Wata a cikinku ta ce mini ai sana'armu ba wuya, karɓo nan ne a kai can, a ba ka la'ada. Kallonta kawai na yi. Ɗauka da kaiwa ko jaki yana yi. Abin da ake biyan dillaliya dominsa bakinta ne, ya zauna a rufe.

A hannun ƙanwar ubana na koya, Gwaggo Tumba, Allah ya jiƙanta, nan Talata Mafara. Ban taɓa zama aji ba, kuma ban ga inda hakan ya hana ni sanin zinariya da ruwan zinariya ba. Kayan aikinmu ba su da yawa. Fanteka babba, gammo, zannuwan rufi masu kauri waɗanda ido ba ya ratsawa, da lalita a ƙugu. Sauran aikin na ƙafa ne. Na daɗe ina bin bayan Gwaggo da fanteka a kai kafin ta yarda in yi sallama wani gida ni kaɗai.

Wani jeren kwalla ne ya fara koya mini sana'ar. Wata mata ta ba Gwaggo ta sayar mata, sabbi ƙal, ko tuwo ba a taɓa sawa a ciki ba. A layin nan kuma akwai wata da ke haɗa kayan ɗakin ɗiyarta, ta yi ta roƙon Gwaggo ta samo mata irinsu. Na ce to ga mai saye a kusa, mun huta. Gwaggo ta ɗora mini fanteka, muka hau mota sai Bakura. A hanya na ce, "Gwaggo, mi ya sa muka bar mai saye a bayan gida muka taho nan?"

Ta ce, "Ke da ido kike gani ko da ƙeya? In na sayar mata, ranar jere wagga da ta ba mu za ta shiga ɗakin amarya ta ga kwallarta a kan kabad. Maƙwabta ma za su gane. Kafin magariba gari ya san mijinta ya karye. Kayan Mafara Bakura suke zuwa, na Bakura Maradun, na Maradun su taho nan. Kaya ba ya kwana a garin da ya san shi."

Wannan ita ce doka ta farko. Ta biyu, ba a tambayar mace dalilin sayarwa. Ta uku, ba a faɗin sunan mai kaya, ko ga miji, ko ga hakimi, ko ga wadda ta saya. Matan da ke cikin kulle ba su da kasuwa sai mu. Wata maganin ɗa take nema, wata rufin asirin miji, wata kuma son zuciya ne kawai, ta ga sabon yayi. Duk ɗaya ne a wajena. Masu saye su ne masu wahala. Akwai wadda za ta juya ɗan kunne ta ce, "Kamar na san shi, ba na matar wane ba ne?" Sai in ce, "Hajiya, in kina so ki taya, in ba ki so ki miƙo." Haka na yi ta yi har gashina ya yi fari, ba a taɓa jin suna daga bakina ba.

Sai ga shekarar da hanyoyi suka lalace. Ba sai na ba ku labari ba, kun gani da idonku. Mutanen ƙauye suka cika gari da tabarmi da awaki, ana tare motoci, ana ɗauke mutane a gona. Kowa na sayarwa, ba mai saye. Ɗakina ya cika da katifu da kwanoni har ba wurin shimfiɗa sallaya. Wuraren da na saba kai kaya, direbobi suka ce ba su zuwa, ko su je da fargaba. Dokar Gwaggo ta farko ta zama abin da ba ya yiwuwa kullum.

A cikin wannan hali wata mata ta aiko in zo. Ba zan faɗi garin ba, ɗaya ne cikin garuruwan da nake zagayawa. Mijinta wani Alhaji ne mai fataucin shanu, mai zafin rai. Ya rasu yanzu, ita kuma ta koma can nesa wajen danginta, kuma ita da kanta ta ce in ba da labarin idan ina so, ban da suna. Na shiga ɗakinta ta jawo ƙofa, ta fito da kan keken ɗinki daga ƙarƙashin gado. Nata ne halak malak, uwarta ta saya mata lokacin aure. Baƙi ne mai zanen ruwan gwal, gefe guda na katakonsa ya ƙone inda fitila ta taɓa faɗa masa. Ban tambaye ta komai ba, ita ta faɗa. An ɗauke ƙanenta a hanyar gona, dangi na ta harhaɗa abin da za a kai. Alhaji kuwa sun yi faɗa da surukansa tun da daɗewa, ya rantse duk abin da ya fita gidansa zuwa gidansu, to ta bi shi, aure ya ƙare.

Ta ce, "Inna, ki rufa mini asiri. In ya tambaya zan ce na nema ban gani ba."

Na ce, "Ɗiyata, abin da za ki ce masa naki ne. Ni dai nawa bakin kin san shi."

Keke ba ya sayuwa sai mai saye ya ji ƙararsa. Wannan ya daɗe a ajiye, ya cije. Da lafiya lau ne, da na wuce da shi wani gari an gyara a can. Ranar ba motar da ke fita, matar kuma ta ce abin na gaggawa ne. Sai na kai shi rumfar Malam Isa mai gyaran keke, cikin kasuwar garin. Ya ɗora a tebur, ya yaye zanena, ya fara ɗiga mai. Rumfar tana kan hanyar da ke zuwa kara, inda ake cinikin shanu. Ina tsugune ina kallon hannun Malam Isa, sai na ji inuwa a kaina.

"Wanga keken daga ina?"

Alhaji ne, da sandarsa ta kora shanu. Idonsa na kan ƙunar katakon.

Na ce, "Alhaji, ina wuni? Kayan amana ne."

"Amanar uban wa? Keken gidana ne! Jama'a ku zo ku ga ɓarauniya, tsohuwar banza mai shiga gidajen mutane da fanteka!"

Ya kai hannu, ni ma na riƙe, don kayan amana ba a sakinsa. Ya ɗaga sanda ya sauke mini a wuyan hannu. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Ya naɗe keken da zanena ya saɓa a kafaɗa ya tafi, kasuwa na kallo.

Malam Isa ne ya raka ni ofishin 'yan sanda, hannu na lilo. Muka tarar da wani saje a bayan kanta, ga babban littafi a gabansa, ga biro a kunne. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi abin da ya faru. Bai sauko da biron ba.

Ya ce, "Inna, keken naki ne?"

"A'a, yallaɓai."

"Na wa ne?"

"Na mai shi."

"To wace ce mai shi?"

"Wannan ba na faɗi."

Ya yi dariya, ya kira wani ya zo ya ji. Ya ce, "Alhaji ya riga ki zuwa, ya ce kayan gidansa ya gani ya ɗauka. In na buɗe littafin nan, ke zan fara rufewa, don an kama ki da kayan sata. Tausayinki nake ji. Je ki gida."

Na ce, "To hannun fa? Shi ma na sata ne?"

Ya ce in kawo takardar asibiti. Na je asibiti, aka ce rauni na duka sai da takardar 'yan sanda. Na koma, aka ce sajen ya fita. Na sake komawa, aka ce babbansu ne ke sa hannu, ya tafi taro. Wata rana kuma wani ya ce ai wannan maganar gida ce, in je wajen mai unguwa. Mai unguwa ya ce maganar jini ta fi ƙarfinsa, in koma wajen hukuma. Har mai ɗori ya ɗaure hannun da karare ya kwance, biron nan bai taɓa takarda ba.

Ku gane abin da ya dame ni. Ba hannun ba ne, hannu ya ɗoru ko da a karkace. Kalmar nan ce, ɓarauniya. Gidajen da nake shiga ba sallama biyu, sai na ga yaro ya fito ya ce wai an ce ba kowa. Mazaje suka hana. Dillaliyar da aka kira ɓarauniya a tsakiyar kasuwa, ba a kuma wanke ta ba, ta gama sana'a. Kalma ɗaya za ta wanke ni, sunan matar. Ita ce kuma kalmar da ba ni da ikon faɗi.

Wata mai sayen kaya a wajena, Malama Hadiza, mijinta masinja ne a kotu. Ita ta ce mini, "Inna, ai ba dole sai ta hannun 'yan sanda ba. In sun ƙi rubutawa, kina iya zuwa gaban alƙali kai tsaye ki kai kukanki." Ban taɓa jin haka ba. Ni a sanina kotu ta saki ce da gado da rikicin gona, laifi kuwa ɗan sanda ke kai mutum. Mijinta ya yi mini bayani wai akwai kotun majistare akwai ta shari'a, kowacce na iya ji. Na ce wacce ce ake magana da Hausa ba a sa baƙar riga? Ya ce to mu je ta shari'a.

A bakin kotun akwai wani mai tebur a gindin bedi, wato dogon yaro, shi ke rubuta wa irinmu ƙara. Na faɗa ya rubuta, ya karanta mini, na ce ya cire inda ya ƙara cewa na suma, don ban suma ba. Na dangwala yatsa. Ranar da aka kira ni gaban alƙali, dattijo ne siriri mai tabarau, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Na ce a raina yau dai na iso. Sai ya yi rubutu ya ce a mai da maganar ga 'yan sanda su bincika su kawo masa rahoto.

Na ce, "Allah gafarta Malam, daga can na gudo."

Ya ce, "Na sani, Inna. A da ke kika kai kanki, yanzu ni na aike ki."

Ban gane ba, har yau ban gama ganewa ba. Na taho daga rana zuwa inuwa, inuwar ta ce koma rana. Amma na koma, da masinja da takarda. Sajen nan dai, kantar nan dai. Ya karanta, ya gyara zama, ya ce a ba Inna benci. Biro ya sauko daga kunne. Maganar da na faɗa masa tun farko, ita dai na sake faɗi, ban ƙara ko wasali ba, ya rubuta har da tambayar wane hannu ne. Aka ba ni takardar asibiti bayan ƙashi ya riga ya haɗe. Aka je gidan Alhaji aka ɗauko keken, yana naɗe cikin zanena.

Ranar zama na ga wani ɗan sanda ya miƙe yana karanta laifin Alhaji da kakkausar murya, kamar uwarsa aka daka. Na taɓa mijin Malama Hadiza na ce, "Wanga kuma na wane gefe ne?" Ya ce nawa ne, shi ke gabatar da ƙara. Na ce ai ni ce mai ƙara. Ya ce a'a, yanzu hukuma ce mai ƙara, ni shaida ce. Na ce, "Hannun hukuma aka karya?" Ya ce in yi shiru ana jina.

Malam Isa ya ba da shaida tsaf, har ya kwatanta yadda sandar ta sauka. Alhaji bai musa dukan ba. Cewa ya yi ɓarauniya ya kama da kayan gidansa, kuma ko gobe ya kama zai daka. Nan alƙali ya juyo gare ni.

"Inna, wa ya ba ki keken?"

"Allah gafarta Malam, mai shi."

"Sunanta nake tambaya."

"Ba na faɗi."

"Kin san nan kotu ce? Kin san ina iya sa a tsare ki?"

Na ce, "Na sani. In tsarewar ce a tsare. Ban sata ba, ban sayi na sata ba, a kawo Alƙur'ani in dafa. Amma suna, tun ina yarinya aka hana ni, ban kuma ga ranar da aka ɗage hanin ba."

Aka yi gunaguni a bayana. Alƙali ya cire tabarau ya goge. Sai ya ce magana biyu ce a gabansa, ta duka daban, ta keke daban. Ya tambayi Alhaji keken na wane ne. Ya ce na iyalinsa. Alƙali ya ce ita ta ce an sace? Alhaji ya ce ta ce ta nema ba ta gani ba. Alƙali ya ce, "Nema a rasa daban, sata daban. Tun da nata ne ba naka ba, ita za ta zo ta faɗa da bakinta cewa an sace, ta rantse a kai." Ya ɗaga zama.

Na zo kotu in wanke sunana ba tare da na taɓa nata ba, ga shi ƙarar tawa ce za ta jawo ta har gaban Alƙur'ani. In ta rantse ta yi rantsuwar ƙarya, ni kuma na tabbata ɓarauniya. In ta faɗi gaskiya aurenta ya mutu. Mai kitson gidan Alhaji ta tare ni a hanya ta ce an ce a gaishe ni, an ce a tuna mini alkawari. Na je wajen magatakardan kotu na ce na fasa, a ba ni ƙarata in tafi. Ya ce ba haka ake yi ba, sai an zauna, sai alƙali ya yarda, kuma maganar satar ai ba tawa ba ce, Alhaji ne ya tayar. Na ce ni na kawo abu, ni kuma ba ni da ikon ɗaukewa? Ya ce haka tsarin yake. Na fito ban san ko gaba nake ba ko baya.

Zama na gaba Alhaji ya zo shi kaɗai. Alƙali ya ce ina mai keke? Ya ce matarsa ba ta taka kotu, ba a taɓa yi a gidansu ba. Alƙali ya ce ba laifi, zai tura wakili da mace dattijuwa har gida, ta yi rantsuwar a bayan labule. Na sa ido a kan Alhaji, don kallon fuska shi ne rabin sana'ata. Ya dubi keken a kan tebur, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Mutumin da ya yi shekaru yana karantar saniya daga tafiyarta ba wawa ba ne. Ya san sunana a garin nan, ya san an ɗauke ƙanen matarsa, ya kuma san rantsuwar da ya yi da bakinsa. Ban ce ya gane ba, ban shiga zuciyarsa ba. Abin da na ji da kunnena kawai zan faɗa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a bar maganar keken. Ba sai an je gidana ba."

"Ka janye cewa ta sata?"

Ya ce, "Na janye."

Aka same shi da laifin duka, aka ɗora masa kuɗin magani, aka sa ya ba ni haƙuri a gaban mutane. Ya bayar yana kallon bango. Malam Isa ya kai labari kasuwa kafin in isa gida. Sannu a hankali yaran da ke cewa ba kowa suka koma cewa a shigo.

Da aka watse na je ɗaukar keken, don har lokacin ana neman abin da za a kai a karɓo yaron nan, ƙanen matar. Magatakarda ya ce a'a. Ni da bakina na ce ba nawa ba ne. Alhaji ya ce ba nasa ba ne, na iyalinsa ne. To sai mai shi ta zo da kanta ta nema, ta faɗi yadda ya bar hannunta. Na ce ba za ta zo ba. Ya ce to zai jira ta. Yaron dai gona aka sayar aka karɓo shi, keken bai tsinana masa komai ba. Matar ta zauna a ɗakinta har ranar da aka fitar da gawar Alhaji, ba wanda ya ƙara tayar da zancen a gidan. Bayan takaba na ce mata yanzu ai sai ta je ta karɓi abinta. Ta ce, "Inna, in je in faɗa wa kotu abin da ban faɗa masa ba yana da rai? A bar shi can."

Mutane kan tambaye ni ko na ci shari'ar nan. Nakan ce su tambayi wanda ya gane ta. Wanda ya ƙi rubutawa shi ya rubuta, wadda ta kai ƙara ta koma shaida, wanda ya ce an yi masa sata ya ce a bari, kayan kuma ba wanda ya samu. Abin da na sani, in ɗan sanda ya ƙi sauko da biro, akwai ƙofar da ke gaba da tasa, amma ku shiga da sanin cewa ba ku za ku ce mata tsaya nan ba.

Bara na bi ta kotun na leƙa tagar ɗakin da suke ajiye kayan shaida. Keken yana nan a kan wani kabad, tsakanin wata garma da buhun da ɓera ya huda. Har yanzu zanena ne a jikinsa, mai kaurin nan da Gwaggo Tumba ta bar mini. Na ce wa magatakarda, keken dai na ji, to a ba ni zanena. Ya duba, ya ce shi ma shaida ne. Na ce to a bar shi, dama aikinsa rufi ne.